Na je Louisville inda ake sassaƙa sandar besbol

Daga Cincinnati zuwa Louisville tafiyar mil 100 ce ko da 'yan kai, kaman kilomita 160, kuma babban titi ɗaya ne da suke kira I-71, da ka tsallake kogin Ohio ka faɗa jihar Kentucky shikenan sai ka miƙe, ba kwana-kwana. Ni dai Muhammad Ali ne ya sa na takura wa yayana da na sauka a gidansa mu je garin, dan can aka haife shi a 1942 can kuma aka binne shi a 2016. Amma ɗan yayan nawa, wanda a Amurka aka haife shi kuma besbol ta gama shiga jininsa, sai ya kafe wai in dai za a je Louisville to dole a shiga kamfanin sanda. Na ce sanda kuma? Ya ce Kawu kai dai mu je.

Wurin yana kan titin Main a tsakiyar gari, sunansa Louisville Slugger Museum & Factory, gidan tarihi ne kuma masana'anta a haɗe. Ba ka buƙatar tambayar kowa kwatance, tun daga nesa za ka hango wata ƙatuwar sanda jingine da ginin ta zarce rufinsa, tsawonta ƙafa 120, nauyinta wajen tan 31, da ƙarfe aka ƙera ta aka mata fenti kalar katako, kwaikwayon sandar shahararren ɗan wasan besbol Babe Ruth ce mai inci 34 aka kumbura. Kowa ya zo sai ya tsaya hoto a gindinta, mu ma mun tsaya, hoton dai bai yi kyau ba dan in ka ɗauko sandar gaba ɗaya mutanen sai su koma kaman kiyashi.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, a taƙaice mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo da hannu daga nisan ƙafa 60 da inci 6, mita 18 da rabi kenan kusan, ɗayan kuma yana tsaye da sanda yana jira ya make ta. In ya buga ta tsallake katangar filin shine hom ron, abun da 'yan kallo ke biyan kuɗi su gani kenan. Ƙwallon ƙarama ce mai tauri, giram 145 ko kusa da haka, an ɗinke ta da fata. Gwanayen jifa suna kai ta gudun mil 90 zuwa 100 a awa, wato kafin ta iso wurin mai bugu ko rabin sakan ba ta ɗauka.

Labarin da suke bayarwa na asalin kamfanin shine a 1884 wani yaro ɗan shekara 17, Bud Hillerich, ɗan wani kafinta Bajamushe da ke da shago a garin, ya je kallon wasa sai sandar tauraron ƙungiyar garin Pete Browning ta karye, yaron ya ja shi shagon babansa ya sassaƙa masa sabuwa, washegari mutumin ya buga da kyau, sai sauran 'yan wasa suka fara layi. Uban ma wai ba ya so, shi ya fi ganin riba a kayan kaɗa madara da katakon dafawa na matakalar bene. A 1894 aka yi wa sunan sandar, Louisville Slugger, rajista, a 1905 kuma ɗan wasa Honus Wagner ya sa hannu aka fara buga sunansa a jikin sanda ana sayarwa. Tun 2015 kamfanin Wilson ne ya sayi sunan, amma kamfanin asali wato Hillerich & Bradsby ne dai har yau ke sassaƙawa a wurin.

Muna shiga ɓangaren masana'antar ƙamshin katako ya buge ni, ga ƙarar inji ga garin katako ko'ina. Katakon yana zuwa ne a mulmule kaman guntun turaku, daga dazukan Pennsylvania da New York, an busar da shi an auna nauyin kowanne. Ana kafa shi a tsakanin haƙora biyu na injin da ke juya shi da gudu, wuƙar sassaƙa ta bi jikinsa daga wannan kai zuwa wancan, kwamfuta ce ke faɗa mata inda za ta ci da yawa da inda za ta ci kaɗan, kafin ka gama gyara tsayuwa sanda ta fito, ko minti ɗaya ba a yi ba. Da can da hannu ake yi, mutum ya riƙe cizal yana tokarawa a jikin wani ƙarfe yana aunawa yana ƙarawa. Yayana injiniya ne, irin mutanen nan da ba sa iya ganin inji su yi shiru, sai ya matso kunnena yana nuna min wai duk injin nan tsofaffin dabaru ne aka harhaɗa, ga taya da sandar da ke juya ta, ga bakin wuƙa mai tsini da ke tsaga katako, ga noti mai zare da ke tura wuƙar gaba a hankali, ga cizal ɗin da in ka tokara shi a ƙarfe ya zama liba. Na ce Yaya dan Allah bari in ji mai bayani. Bai bari ba.

Gara ma da bai bari ba, dan abun da na fi ƙaruwa da shi a tafiyar daga bakinsa ya fito a wani ɗaki da suke barin mutum ya sa safar hannu ya ɗaga sandunan da manyan 'yan wasa suka yi wasa da su. Ka san libar da mai faci ke ɓanɓare taya da ita daga rim: yana tokara ta a bakin rim, guntun ɓangaren na ƙarƙashin taya, dogon na hannunsa, ya danna da ƙarfi kaɗan tayar da ta fi ƙarfin yatsunsa ta ɗago. Hannunsa ya yi tafiya mai nisa, bakin libar ya motsa kaɗan amma da ƙarfin gaske. To sandar besbol liba ce ita ma amma an juya cinikin. Madogararta na can ƙasa wajen gindin da hannun ƙasa ke riƙe, ƙarfin da ake sakawa na kusa da nan, kayan da za a tura wato ƙwallon na can nesa wajen kan sandar. A nan kai ne za ka zuba ƙarfi mai yawa, abun da za ka samu a madadinsa gudu ne, hannunka ya motsa taƙi ɗaya kan sandar ya share taƙi da yawa a daidai wannan lokacin. Masu fiziks suna ce wa wannan liba aji na 3, ta mai faci kuma aji na 1.

Kuma ba sandar kaɗai ba, jikin mai bugun ma haka aka halicce shi. Ya ce in lanƙwasa hannu in taɓa inda jijiyar ƙwanjina ta kama ƙashi, ashe 'yan santimita kaɗan ne daga gwiwar hannu, alhali tafin hannun na can nesa fiye da santimita 30. Wato tsoka ta ɗan tsuke kaɗan, tafin hannu ya yi tafiya ninki-ninki. Shi ya sa in ka kalli mai bugu a hankali za ka ga ƙafa ce ke fara taka ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, damtse, sannan wuyan hannu ya saki sandar a ƙarshe, kowace gaɓa tana miƙa wa ta gabanta gudu. Ya dai ja min kunne cewa zanen littafin makaranta da ke nuna madogara a kafe wuri ɗaya sauƙaƙawa ce kawai, a wasa na gaske madogarar ma tafiya take dan jikin gaba ɗaya juyawa yake. A babbar gasar Amurka, MLB, yanzu har auna gudun sanda suke da kamara, matsakaicin ɗan wasa kan sandarsa na kai mil 70 da 'yan kai a awa.

Ni sai na ce to in haka ne me zai hana a yi sanda doguwa sosai mai nauyi kowa ya huta? Doka ma ta ba da dama har inci 42 a tsawo, kauri kuma kar ya wuce inci 2.61, kuma dole katako ɗaya ne ba haɗi. Amma kusan ba mai zuwa kusa da 42 ɗin, yawancinsu inci 33 ko 34 suke riƙewa, nauyi wajen giram 900. Babe Ruth a zamaninsa ya yi wasa da sandunan da suka haura kilo 1 sosai, akwai ma tasa ɗaya a gidan tarihin ta 1927 da ya dinga yi wa tsaga a jiki duk lokacin da ya buga hom ron da ita. Yau ba mai ɗaukar irin wannan gungumen ya tari jifan mil 100.

Dalilin a shagon sayar da kaya na wurin na gane shi da hannuna. Yaron ya ɗauko sanda ɗaya ya ce Kawu riƙe ta daidai ka kaɗa, na kaɗa, na ji tana jan wuyan hannuna, sai na yi da gaske kafin kanta ya taso. Ya ce to juya ta ka riƙe ta wajen kai mai kaurin ka kaɗa siririn gindin. Wallahi sai ka ce an canza min sanda, fit-fit take tafiya ba wahala. Sanda ɗaya ce, in ka ɗora a sikeli giram ɗinta bai ragu ko ɗaya ba, abun da ya canza kawai nisan nauyin daga hannuna. Kuma nisan ba lissafin ɗaya-bisa-ɗaya yake ba, ninka kansa yake: giram ɗin da ka matsar ya ninka nisansa sau 2 daga inda kake juyawa, wahalar kaɗa shi sau 4 za ta zama, in sau 3 ne ta zama sau 9. Daga nan komai na wurin ya fara min ma'ana. Ramin nan da ake ƙwaƙule wa wasu sanduna a kai kaman ƙaramin kofi, wanda doka ta ce kar zurfinsa ya wuce inci 1 da kwata, ɗan katako kaɗan ne ake cirewa amma daga wurin da ya fi ko'ina tsada ake cire shi. Mai bugun da ya ga damar bugunsa ta kusa ƙarewa sai ka ga ya matsar da hannunsa sama ya bar gindin sandar na leƙowa, ya gajarta libar kenan, ya haƙura da nisan bugu dan sandar ta yi saurin juyowa ya samu ko taɓa ƙwallon ya yi.

To ga ciniki nan: sanda mai nauyi a kai in ta samu ƙwallo ta fi tura ta, amma ta fi wuyar tasowa, mara nauyi kuma ta fi gudu amma ƙwallo na iya ture ta baya. Wani masanin fiziks na jami'ar Illinois, Alan Nathan, ya daɗe yana nazarin wannan karon, kuma lissafin da ake yawan kawowa shine in an buga a wuri mai kyau, duk mil 1 da ka ƙara a gudun sanda yana ƙara wa ƙwallon wajen mil 1.2 a gudun fitarta, amma mil 1 na gudun jifa wajen 0.2 kawai yake ƙarawa. Shi ya sa zamani ya karkata ga gudu. Kowane ɗan wasa kuma da inda nasa cinikin ya faɗa, shi ya sa kamfanin ke da dubban samfura a ajiye, kowanne da harafi da lamba, harafin na sunan ɗan wasan da aka fara yi wa ne, R43 ta Ruth ce, C271 kuma da aka fara yi wa Jose Cardenal har yau ana yayinta. Bambancin wasu in ka jera su ido ba zai gani ba sai hannu.

A ƙarshen Maris na 2025 wannan maganar ta fito daga aji ta shiga labarai, ranar da New York Yankees suka buga hom ron 9 a wasa ɗaya da Milwaukee Brewers, aka lura wasu 'yan wasansu na riƙe da wata sanda mai kumburi a tsakiya kanta kuma ya tsuke, wadda aka laƙaba wa topido. Wanda ya kawo dabarar, Aaron Leanhardt, digirin digirgir gare shi a fiziks daga jami'ar MIT har ya koyar a jami'ar Michigan kafin ya koma harkar besbol. Ba wani siddabaru a ciki, katakon da ke can ƙarshen kai inda ɗan wasa ba ya cika bugawa da shi aka kwaso aka dawo da shi inda ya saba haɗuwa da ƙwallo, wurin bugu ya yi kauri kuma nauyi ya matso kusa da hannu. Ni a ganina surutun da aka yi ya fi ƙarfin abun, dan ba duk wanda ya buga hom ron a ranar ne ke riƙe da ita ba, Aaron Judge da ya buga 3 da sandarsa ta kullum ya buga.

Akwai keji a wurin da ake biyan kuɗi kaɗan inji ya dinga jefo maka ƙwallo kana bugawa. Na shiga, aka kifa min hular kwano. Yawanci iska na dinga duka yaron na ta dariya a waje, amma biyu daga cikin waɗanda na samu sun ishe ni darasi. Ɗaya ta same ni kusa da hannu, wani zugi ya ratsa yatsuna har gwiwar hannu kaman na taɓa wayar wuta, ƙwallon kuma ta faɗi nan gabana. Ɗayar ban ma ji na bugi komai ba, sai wani ƙas mai daɗi na ji ƙwallon ta tafi can ta daki raga. Wurin nan mai daɗi yana wajen inci 5 zuwa 7 daga kan sandar. Sanda ba ƙarfe sandararre ba ce, in an doke ta lanƙwasa take tana karkarwa ido ne ba ya gani, amma akwai wasu gurabe a jikinta da ba sa motsi in tana karkarwar, in ƙwallo ta sauka a nan ƙarfin ba ya ɓacewa a girgiza katako, ƙwallon yake bi. A kusa da nan ne kuma inda in an buga gindin sandar ba ya fizgar hannu gaba ko baya. In ka kuskure wurin, ƙarfin da ya kamata ya tafi da ƙwallo shi ne zai dawo maka a yatsu, wani lokaci ma ya karya sandar.

Abun da ya fi ɗaure min kai shine haɗuwar sanda da ƙwallo ko kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba ta kaiwa, a cikin wannan ɗan lokacin ƙwallon na lotsewa ta baje ta dawo, ƙarfin da ke tsakaninsu ya haura tan guda nesa ba kusa ba. Kafin girgizar ta gangaro zuwa hannu ta koma, ƙwallon ta riga ta yi gaba. Ma'ana a daidai lokacin karon, matse sandar da kake yi ba ya ƙara komai, aikin hannu ya ƙare tun da ya gama ba ta gudu. Na yi musu, sai yayana ya ciro waya ya nuna min bidiyon Todd Frazier na Cincinnati Reds a 2012, sandar ta suɓuce masa tana barin hannunsa ta haɗu da ƙwallon, kuma ƙwallon ta tsallake katanga. Na kalla na sake kalla.

Maganar karyewa kuma ta katako ce. Shekara da shekaru itacen ash ake amfani da shi, sai Barry Bonds ya buga hom ron 73 a 2001 da sandar itacen mepul kowa ya koma can, ga kuma wani ƙwaro da ya shigo Amurka ya dinga kashe bishiyoyin ash. Matsalar mepul in zai karye ba ya tsagewa a hankali, ɓallewa yake gida biyu guntun ya yi sama kan mutane, abun ya yi yawa a 2008 har MLB ta sa aka bincika, aka gano jijiyar katakon ce in ta karkace ba ta bi tsawon sandar ba. Shi ya sa yanzu za ka ga ɗigon tawada a mariƙin sandar mepul ko birch ta ƙwararru, tawadar na bin jijiyar ta nuna ko a miƙe take. Siririn mariƙin nan shi ke ɗaukar duk lanƙwasar da dogon kan ya jawo, a nan yawanci take karyewa.

Da la'asar muka taka zuwa cibiyar Muhammad Ali, ba nisa, tana bakin kogi, labarinta daban ne ba zan cusa shi nan ba. Da daddare kuma muka shiga filin Louisville Slugger Field kallon ƙungiyar garin, Louisville Bats, wadda ke rainon 'yan wasa wa Cincinnati Reds. Abincin filin yawanci akwai alade a ciki sai ka yi tambaya, ni gyaɗa da gugguru na tsaya a kai. Wasan yana da sanyi ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, a yi jifa a tsaya a yi jifa a tsaya, amma tunda na fito daga masana'antar sai idona ya koma kan kayan aikin. Safar fatar da suke cafke ƙwallo da ita ninkewa take a tafin hannu, babban yatsa gefe ɗaya sauran gefe ɗaya, ta ƙara wa yatsu tsawo ta rufe kaman baki, ragar da ke tsakani kuma na ba ƙwallon wurin da za ta rage gudu ba a kan ƙashi ba. Wanda ke jiran layinsa na bugu yana zura wa sandarsa wani zobe mai nauyi yana kaɗawa, in ya cire sai ya ji ta zama ba nauyi. Mai jifa kuma dogo ne, yana taka ƙafa can gaba ya bar hannun a baya sai a ƙarshe ya watso shi. Har na fara gane bugu mai kyau da kunne kafin in ga inda ƙwallon ta nufa, ƙas daban, ƙwal daban.

In Allah ya kai ka, a ƙarshen zagayen masana'antar suna ba kowa 'yar ƙaramar sanda kyauta ta tsaraba. Kar ka sa ta a jakar hannu in jirgi za ka hau, jami'an tsaron filin jirgi a Amurka ba sa barin ta wuce, makami suke ɗaukar ta komai ƙanƙantarta. Tawa cikin babban akwati na tura ta tsakanin shaddodi, ta yayana kuma yaron ya ƙwace ya haɗa biyu.